Littafin Big Tim: Yadda New York ta Fara Rubuta Sunayen Masu Bindiga

A watan Agustan 1910 magajin garin New York, William Gaynor, ya hau jirgin ruwa a tashar Hoboken zai tafi hutu Turai. Yana tsaye yana sallama da jama'a, sai wani tsohon ma'aikacin tasha da aka kora daga aiki ya matso ya harbe shi a wuya. Bai mutu ba, amma harsashin ya zauna a maƙogwaronsa har ya rasu a 1913. Ba a gama jimamin wannan ba, a Janairun 1911 wani makaɗin gogen Turawa ya tare marubuci David Graham Phillips da rana tsaka kusa da Gramercy Park, ya ɗirka masa harsashi shida, sannan ya harbe kansa. Zarginsa shi ne marubucin ya ci mutuncin danginsa a cikin wani littafi.

A wancan zamanin libarba kayan kanti ce. Ka shiga wurin 'yan jingina, ka ajiye 'yan daloli, ka fito da ita a aljihu, babu mai tambayar sunanka. Wani ma'aikaci a ofishin binciken gawarwaki mai suna George Petit le Brun, wanda ya gaji da ganin abin da ake kawo masa kullum, ya shiga rubuta wa manyan gari wasiƙu yana neman a yi doka. Wanda ya ɗauki maganar ya kai majalisar jiha a Albany shi ne mutumin da babu wanda zai zata: Sanata Timothy Sullivan, wanda kowa ke kira Big Tim.

Sai an san Big Tim kafin a gane dalilin da ya sa masu bindiga ba su taɓa amincewa da dokarsa ba. Ɗan talakawa ne 'yan asalin Ayalan, ya tashi yana tallar jarida, ya zama uban unguwar Bowery a ƙarƙashin Tammany Hall, gidan siyasar da ke juya birnin a lokacin. Yana raba wa matalauta takalma a tsakiyar hunturu, yana ciyar da dubbai ranar Kirsimeti. Kuma gidajen caca suna kai masa kaso, ranar zaɓe kuwa 'yan dabar Monk Eastman da na Paul Kelly ne ke tsare masa rumfuna. Duk wanda ya san siyasar 'yan banga ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Dokar ta fara aiki a Satumban 1911. Ajiye ƙaramar bindiga a gida ba lasisi ya zama laifi, yawo da ita ba lasisi ya zama babban laifi, kuma aka wajabta wa masu sayarwa su buɗe littafi su riƙa rubuta wanda ya saya. Masu goyon baya suka ce birnin ya shiga sahun wayayyu. Masu suka suka ce Big Tim ya ƙera wa kansa linzami ne: duk ɗan dabar da ya yi taurin kai, ɗan sanda zai iya zura masa bindiga a aljihu ya kama shi. Har yau ana ba da labarin wani shugaban 'yan daba, Big Jack Zelig, da aka ce ya sa tela ya ɗinke masa aljihun kwat saboda wannan.

Wanda aka fara yanke wa hukunci ba ɗan daba ba ne. Wani baƙo ne ɗan Italiya mai suna Marino Rossi, aka ba shi shekara ɗaya a kurkukun Sing Sing, alƙali kuma ya haɗa da yi masa gori cewa ɗaukar makami al'adar mutanensu ce. Ni da na zo ƙasar nan a baƙo, wannan ne wurin da na fi daɗewa a kai a duk tarihin. A 1913 aka ƙara sharaɗin da ya zama ƙashin bayan dokar har fiye da shekara ɗari: mai son yawo da bindiga sai ya nuna ƙwaƙƙwaran dalili, kuma jami'in da ke ba da lasisin ne zai yanke ko dalilin ya isa. A shekarar ce Big Tim, wanda hankalinsa ya riga ya gushe, ya mutu a kan layin dogo a nan Bronx, gawarsa ta yi kusan mako biyu ba a gane ta ba.

A New York lasisi da rajista abu ɗaya ne, kuma nan ne mutane da yawa ke rikicewa. Lasisi yana tantance mutum. Rajista tana rubuta kayan. A jihar nan kowace ƙaramar bindigar da ka mallaka ana rubuta ƙirarta da lambarta a jikin takardarka, in ka ƙara wata sai ka koma a ƙara ta. A cikin birni 'yan sanda ne ke bayarwa daga hedikwatarsu, kuɗin nema dala 340 ban da na ɗaukar zanen yatsu, kuma bayan shekara uku sai an sabunta. A yawancin ƙananan hukumomin arewacin jihar alƙali ne ke sa hannu. (Ga ɗan Najeriya wannan ba tsauri ba ne ko kaɗan: a dokar 1959 libarba tana cikin makaman da shugaban ƙasa kaɗai ke ba da izininsu. Amma Ba'amurke yana da gyara na biyu a kundin tsarin mulkinsa, yana ɗaukar bindiga a matsayin haƙƙi, daga nan kuwa duk lissafin ya canza.)

Ƙungiyar masu bindiga ta NRA a New York aka kafa ta a 1871, tsofaffin sojoji ne suka kafa don koyar da saiti. Shugabanta a 1934, Karl Frederick, lauya ne a birnin nan kuma ya ci zinare a harbi a gasar Olamfik ta 1920. Da ya je gaban majalisar tarayya, cewa ya yi bai yarda kowa ya riƙa yawo da bindiga barkatai ba, a taƙaita abin da lasisi. Shugaban NRA na yau ba zai faɗi haka ya kwana a kujerarsa ba. Amma Frederick ɗin nan ne ya yi tsayin daka sai an cire ƙananan bindigogi daga dokar rajista ta tarayya da ake shiryawa a shekarar, kuma ya yi nasara. Dokar ta tsaya kan bindigogi masu aman wuta da masu yankakken baki, da harajin dala 200. Tun a lokacin ke nan layin ya fito: a tantance ni, na yarda, a rubuta kayana, a'a.

Na ji wannan kusan kalma da kalma daga bakin wani dattijo da muka yi aiki tare a wani gareji, tsohon soja, mai farautar barewa duk kaka. Ba mai surutun siyasa ba ne. Ya ce da ni: “Ɗana, yatsuna goma suna wurinsu tun ina soja. Su bincike ni yadda suke so. Amma gwamnatin da ta buɗe littafin ba ita za ta karanta shi ba.” Daga nan ya kawo mini 1967.

A 1967, zamanin magajin gari John Lindsay, birnin ya ce a yi rajistar dogayen bindigogi su ma, har da na farauta. Masu su suka yi ƙorafi, aka lallashe su cewa sani kawai ake so a yi. A 1991, zamanin David Dinkins, majalisar birni ta haramta wasu nau'o'in bindigogi masu kama da na soja. 'Yan sanda ba su sha wahalar neman masu su ba. Suka buɗe littafin 1967 suka aika wasiƙu: ka miƙa ta, ka lalata ta, ko ka fitar da ita daga birni. Mutanen da abin ya shafa ba su da yawa, amma labarin ya zagaye Amurka kaf. Bayan shekara biyar wani ya kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane ta Sikotland, Birtaniya ta hana ƙananan bindigogi a 1997, kuma karɓe su bai yi wuya ba domin kowace tana rubuce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsoron ya riga ya zama doka tun 1986, lokacin da majalisar tarayya ta haramta wa gwamnatin tsakiya kafa rajistar masu bindiga. Sakamakon yana can a Martinsburg ta jihar West Virginia, cibiyar bin sawun bindigogi ta hukumar tarayya ta ATF. Duk kantin da ya rufe sai ya tura takardun cinikinsa can, kwali kan kwali. Ana ɗaukar hotonsu a adana a kwamfuta, amma an hana a tsara su yadda za a rubuta sunan mutum su fito. In an tsinci bindiga a wurin kisa, sai a kira kamfanin da ya ƙera, shi ya faɗi babban dillali, dillali ya faɗi kanti, kanti ya tona takardunsa. Ƙasar da ta ƙirƙiro Google ke nan. Kuma tun 1968 kotun ƙoli ta taɓa yanke cewa ba za a hukunta mai haramtacciyar bindiga don ya ƙi rajista ba, tunda rajistar tona wa kai asiri ce. An gyara dokar daga baya, amma masu bindiga ba su daina kafa hujja da hukuncin ba: littafin na masu bin doka ne kawai.

A nan nake rabuwa da dattijon nan nawa. Tantance mai saye tana aiki. Jihar Connecticut ta kafa lasisin sayen ƙaramar bindiga a 1995, Missouri ta soke nata a 2007, kuma masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun ga kisa da bindiga ya ragu a ta farko, ya ƙaru a ta biyu. Wanda zai saya wa wani a ɓoye yakan yi tunani sau biyu in sai ya je gaban hukuma an ɗauki yatsunsa. Ban kuma yarda cewa kowace takarda hanyar ƙwace ba ce. New York ta fi ƙarni tana rubuta libarba ba ta bi gida gida ta karɓe su ba.

Sai dai New York da hannunta ta riƙa ba masu suka hujja. A Disamban 2012, kwanaki bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook, jaridar Journal News ta nemi sunayen masu lasisi a ƙananan hukumomin Westchester da Rockland, ta sa su a taswira a intanet, kowa da adireshinsa. A ciki akwai tsofaffin 'yan sanda, da masu gadin kurkuku, da matan da suka gudu daga mazajen da ke dukansu. Dokar da aka yi a wata mai biye ta ba mutane damar ɓoye sunansu, amma ita ma ta zo da sabuwar rajistar dogayen bindigogi masu kama da na soja. Kimanin dubu 44 kawai aka kai, alhali kowa ya san abin da ke gidaje ya ninka haka sau da yawa. Ba zanga-zanga suka yi ba. Shiru suka yi.

Sharaɗin nan na ƙwaƙƙwaran dalili kuwa ya zama abin da duk irinsa ke zama. A ƙarƙashinsa Donald Trump ya samu lasisin yawo da bindiga, mai shirin rediyo Howard Stern ma haka. Mai kantin kayan masarufi a Bronx da aka yi wa fashi sai a ce masa unguwarsa mai haɗari ba dalili ba ce. A 2016 asiri ya tonu: wasu jami'an sashen lasisin suna karɓar cin hanci daga 'yan kamasho masu hanzarta takarda, wasu suka amsa laifi a kotun tarayya. A gefe guda, wanda aka kama da bindiga mai harsashi ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncin da doka ta tanada shekara uku da rabi ne.

Shi ya sa da ƙarar da aka shigar kan sharaɗin ƙwaƙƙwaran dalili ta kai kotun ƙoli aka ga abin da ba a saba gani ba. Masu ƙarar mutum biyu ne daga ƙaramar hukumar Rensselaer tare da reshen NRA na jihar. Amma lauyoyin da ke kare talakawa kyauta, irin su Bronx Defenders da Brooklyn Defender Services, mutanen da ba sa ga maciji da NRA, sun rubuta wa kotu suna goyon bayansu. Suka ce kusan duk waɗanda suke karewa kan wannan laifi baƙaƙe ne ko 'yan asalin Latin Amurka. Ranar 23 ga Yunin 2022, alƙalai shida cikin tara suka soke sharaɗin, Clarence Thomas ne ya rubuta hukuncin. Ba su soke lasisin kansa ba. Abin da suka karɓe shi ne ikon jami'i na ya dube ka ya ce ba ka isa ba.

Albany ba ta ɓata lokaci ba. Cikin kwanaki Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a sabuwar doka: awa 16 a aji, awa 2 a filin harbi, mutum huɗu da za su tsaya maka, jerin shafukanka na sada zumunta na shekara uku, da dogon jerin wuraren da aka hana shiga da bindiga, har da Times Square da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da batun shafukan, sauran ana ta fafatawa a kansu. A halin da ake ciki fiye da rabin jihohin Amurka sun daina neman lasisin yawo da bindiga gaba ɗaya.

Sassaucin dokar wasu jihohin shi ne ya fi shafar unguwata. Binciken ofishin babban lauyan jihar na 2016 ya nuna kashi 86 cikin ɗari na ƙananan bindigogin da aka kama a wuraren laifi daga wasu jihohi aka shigo da su, akasari ta babbar hanyar I-95 daga Virginia, Georgia, Florida da jihohin Carolina biyu. Masu goyon bayan lasisi suna cewa ga shaida nan, doka ta hana ɓata-gari saye a gida dole sai sun yi doguwar tafiya. Masu bindiga suna cewa ga shaida nan, shekara ɗari ana rubuta sunan wanda bai yi komai ba. Ita kuwa bindigar tana isowa a jakar fasinja cikin motar bas, a sayar da ita ninki biyu ko uku na kuɗin da aka saye ta a kudu.