Battar Dutse Mai Isar da Saƙo

Idan muka ɗauki ɗaya daga cikin battocin tabar shaƙa na ƙasar Sin, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Amma a zamanin daular Qing, wadda ta yi mulki daga 1644 zuwa 1912, irin wannan ƴar batta kan faɗi abin da baki ke jin nauyin faɗa.

Turawa ne suka kai garin taba fadar Beijing, inda aka ɗauke shi maganin mura da ciwon kai. Ƴan akwatunan da suka zo da shi ba sa hana danshi shiga, sai Sinawa suka koma ga ƙirar kwalaben maganinsu: ƙaramin baki, da murfi mai ɗan cokali a maƙale. Bayan da Sarki Qianlong ya ci yankin Xinjiang da yaƙi a 1759, dutsen jad na Hotan ya wadata a hannun masassaƙa. Ta wannan ɗan bakin suke rarake cikin dutsen, wani har ya yi iyo a kan ruwa. Masassaƙan Suzhou kuwa sun shahara da aikin dutsen tsakiya: tabon da muke gani aibi ne, su sai su fitar da doki ko tsuntsu daga cikinsa.

Zanen ba ado ba ne kawai. Kalmomin Sinanci da yawa sun yi tarayya a lafazi, don haka hoto kan tsaya a madadin kalma. Jemage da muke ƙyama, su sunansa "fu", daidai da sunan sa'a. Jemagu biyar na nufin tsawon rai, arziki, lafiya, son nagarta da kyakkyawan ƙarshe. Kifi yalwa ne, barewa albashin mai muƙami, rumman kuma yawan ƴaƴa. Biri a bayan doki fata ne na samun sarauta nan take.

Shi ya sa batta ta zama kyauta mai nauyi. Sarki kan ba bafadensa don nuna yarda, ƙaramin ma'aikaci kan kai wa na gaba da shi don neman shiga, sau da yawa ba a rabe gaisuwa da toshiyar baki. Da daular ta faɗi, sigari ya karɓe kasuwa, battocin suka koma gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da. Wasu daga cikin waɗanda muke gani a yau, wani ne ya taɓa miƙa su da wata buƙata a ransa.