Arvydas Sabonis, Dogon Kaunas: Tarihin Ɗan Wasan da Ƙasa Ta Jingina da Shi

Duk lokacin da masana ƙwallon kwando suka zauna hira a kan Arvydas Sabonis, da wuya su tashi ba su yi wata tambaya ba: da a ce an bar shi ya tafi Amurka tun yana saurayi, ƙafafunsa lafiya lau, wane matsayi zai kai? Tambayar tana da daɗin ji, amma tana ɓoye wani abu, domin tana ɗaukar shekarun da ya yi a Turai kamar zaman jira a tasha. Alhali kuwa a cikin waɗannan shekaru ne ya yi aikin da ya fi kowane nauyi a rayuwarsa, lokacin da wata ƙaramar al'umma da aka hana ta tuta da taken ƙasa ta mai da filin wasa wurin faɗin sunanta.

An haifi Sabonis ranar 19 ga Disamba 1964 a birnin Kaunas na ƙasar Lituwaniya, wadda a lokacin take ɗaya daga cikin jamhuriyoyi 15 na Tarayyar Sobiyet. Domin a gane matsayin ƙwallon kwando a wannan ƙasa, sai an koma baya kaɗan. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu Lituwaniya ƙasa ce mai cin gashin kanta, kuma Kaunas ne mazaunin gwamnatinta. A wannan zamani ne ƴaƴan Lituwaniyawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka dawo gida suka koya wa ƴan uwansu dabarun wasan, har ƙasar ta ci kofin Turai sau biyu a jere, a 1937 a birnin Riga da kuma 1939 a Kaunas, cikin wani babban zauren wasa da aka gina musamman domin gasar. Shekara guda bayan wannan nasara, a 1940, Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ƙasar. Aka kwashe dubban mutane zuwa Sibiriya, aka haramta tuta, aka rusa jam'iyyu. Zauren wasan kuwa ya tsaya inda yake, kuma tsofaffi suka ci gaba da ba yara labarin shekarun da ƙasarsu take sarautar Turai.

Babbar ƙungiyar birnin, wadda aka kafa a 1944, ta ɗauki sunan Zalgiris, wato sunan da Lituwaniyawa suke kiran yaƙin da kakanninsu tare da ƴan Polan suka ci mayaƙan Jamusawa a 1410. Hukuma ba ta ga aibin sunan ba tun da Jamusawa aka ci, amma mutanen gari sun san cewa yana tuna musu zamanin da suke da daularsu. A wannan ƙungiya ce Sabonis ya fara wasa da manya a 1981, yana ɗan shekara 16. Tsawonsa ya kai mita 2 da santimita 21, sai dai tsawo kaɗai bai isa ya bayyana shi ba, domin Tarayyar Sobiyet ba ta rasa dogaye ba. Abin da ya bambanta shi shi ne yana gudu kamar gajere, yana jefa ƙwallo cikin kwando daga nesa, kuma yana miƙa ta ga abokin wasa ta bayan kai ko ta bayan gadon baya ba tare da ya waiwaya ba, sai ka ce yana da ido a ƙeya. A 1982, yana ɗan shekara 17, yana cikin tawagar Sobiyet da ta ci kofin duniya a Kolombiya.

A wancan zamani ƙungiyar CSKA ta Mosko, wadda take mallakar rundunar soja, ita ce ke riƙe da gasar Tarayyar Sobiyet shekara da shekaru. Ƙarfinta yana da tushe a doka, domin kowane saurayi wajibi ne ya yi aikin soja, don haka duk ɗan wasan da ya yi fice a wata jamhuriya ana iya kiransa aikin soja, ya wayi gari yana sanye da rigar CSKA. Sabonis ya tsallake wannan tarko ta hanyar shiga makarantar koyon aikin gona ta Kaunas, abin da ya ɗage masa kiran soja ya bar shi a gida. A ƙarƙashin mai horarwa Vladas Garastas, tare da abokan wasa irin su Valdemaras Chomicius da Rimas Kurtinaitis, Zalgiris ta doke CSKA a wasannin ƙarshe ta ɗauki kofin ƙasa a 1985 da 1986 da 1987. Kafin nan, rabon Kaunas da wannan kofi tun 1951. A takarda, wasa ne tsakanin ƙungiyoyi biyu na ƙasa ɗaya. A zukatan mutanen Lituwaniya kuwa, karo ne tsakanin ƴaƴansu da rundunar da ta mamaye su, kuma zauren wasa shi ne wuri guda da mutum zai ɗaga murya ya yi wa Mosko ihu ya koma gida ya kwana lafiya.

A fagen Turai ma sunansa ya yi nisa. A 1985 tawagar Sobiyet ta ci kofin Turai, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Zalgiris kuwa ta kai wasan ƙarshe sau biyu ba ta dace ba: a 1985 Barselona ta doke ta a gasar masu riƙe da kofi, a 1986 kuma Cibona ta birnin Zagreb, ƙungiyar Drazen Petrovic, ta doke ta da ci 94 da 82 a Budapest a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai. A wannan dare fushi ya rinjayi Sabonis, ya kai wa wani ɗan wasan Cibona naushi, alƙalan wasa suka kore shi daga fili, ƙungiyarsa ta ƙarasa wasan ba ginshiƙinta. Cikin shekarar dai Zalgiris ta huce takaicinta da cin kofin ƙungiyoyin nahiyoyi a Ajantina.

Amma kowace nasara tana da kuɗinta, kuma jikinsa ne ya biya. Ƙungiya tana bukatarsa, tawagar ƙasa tana bukatarsa, kuma babu wanda yake son ya ba shi hutu. Daga gasar gida a wuce gasar Turai, daga nan a shiga sansanin tawagar ƙasa, shekara ta zagayo ba ranar sararawa. An ce in kiɗa ya yi zaƙi kusa yake da fashewar ganga. Tsakanin 1986 da 1987 agarar ƙafarsa ta tsinke, kafin ta gama warkewa ta sake tsinkewa. Ga mutum mai irin nauyinsa wannan rauni ne da ke iya kawo ƙarshen wasa baki ɗaya. A daidai wannan lokaci ƙungiyoyin gasar NBA ta Amurka suna zawarcinsa: Atlanta ta zaɓe shi a 1985 aka soke zaɓen saboda ƙarancin shekaru, Portland ta zaɓe shi a 1986, amma hukumomin Sobiyet ba su yarda ɗan wasansu ya tafi yi wa ƴan jari hujja aiki ba.

A 1988 ne aka ga wani abin mamaki na zamanin yaƙin cacar baka. Hukumomin Mosko, da suke son dogonsu ya warke kafin wasannin Olimpik na birnin Seoul, suka bar shi ya tafi Portland jinya. Mai horar da tawagar Amurka, John Thompson, ya fito fili ya soki ƙungiyar Portland da cewa tana gyara wa abokin gaba makaminsa. Likitoci sun so ya ƙara hutawa, amma aka sa shi cikin tawaga. A Seoul, Tarayyar Sobiyet ta doke Amurka da ci 82 da 76 a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan ta doke Yugoslabiya da ci 76 da 63 ta ɗauki zinariya. Huɗu daga cikin jigogin tawagar ƴan Lituwaniya ne: Sabonis da Chomicius da Kurtinaitis da Sarunas Marciulionis. Suka tsaya bisa dandamali aka ɗaga jar tuta, aka kaɗa taken daular da mutanen garinsu suka riga suka fara gangamin rabuwa da ita.

A 1989, da sauye-sauyen Mikhail Gorbachev suka sassauta ƙofa, aka ba ƴan wasan Sobiyet izinin fita waje. Marciulionis ya nufi Amurka, Sabonis kuwa ya zaɓi Ispaniya, ya shiga wata matsakaiciyar ƙungiya a birnin Valladolid. Mutane da yawa sun yi mamakin wannan zaɓi, amma yana da hujja: a NBA ana buga wasa 82 a kaka guda kafin a shiga zagayen ƙarshe, kuma ƙafafunsa ba za su ɗauki wannan wahala ba a lokacin. A Valladolid ya yi shekara uku yana sake koyon wasa da sabon jiki. Da gudu da tsalle suka ragu, sai ya koma dogaro da fahimtar fili da iya tsayuwa da ƙwarewar hannu, ya zama kamar dattijon da ke zaune tsakar gida yana rarraba aiki, kowa na kai da kawowa kewaye da shi.

Yana can ne tarihin ƙasarsa ya juya. Ranar 11 ga Maris 1990 Lituwaniya ta ayyana ƴancin kanta, ita ce ta farko cikin jamhuriyoyin Sobiyet da ta yi haka, kuma ƴan wasanta suka daina amsa kiran tawagar Mosko. A watan Janairu 1991 sojojin Sobiyet suka afka wa masu zanga-zanga a birnin Vilnius, mutum 14 suka rasa rayukansu. Da ƴanci ya tabbata, sabuwar ƙasar ba ta da kuɗin tura tawaga wasannin Olimpik na Barselona a 1992, sai Marciulionis ya shiga neman taimako a Amurka, har mawaƙan nan na Grateful Dead suka ba da gudummawa. A Barselona tawagar taurarin NBA ta Amurka ta yi musu kaca-kaca a wasan kusa da na ƙarshe, amma wasan da ya fi damunsu shi ne na neman matsayi na uku, inda suka haɗu da haɗaɗɗiyar tawagar ragowar jamhuriyoyin Sobiyet, cikinta har da abokan da suka ci zinariya tare a Seoul. Lituwaniya ta yi nasara da ci 82 da 78. Ga mutanen ƙasar, wannan tagulla ta fi waccan zinariya daraja, domin tutarsu ce aka ɗaga.

Cikin wannan shekara ta 1992 Sabonis ya koma Real Madrid. Ya ci gasar Ispaniya a 1993 da 1994, ya ci kofin Sarki a 1993, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar ƙasar a 1994 da 1995. Abu guda ya rage masa, wato kofin da ya kuɓuce masa a Budapest. A watan Afrilu 1995, a birnin Saragosa, ƙarƙashin mai horarwa Zeljko Obradovic, Real Madrid ta doke Olympiacos ta Girka da ci 73 da 61 ta zama zakarar Turai, karo na farko tun 1980, kuma Sabonis ne aka ba kyautar gwarzon zagayen ƙarshe. Bayan ƴan watanni ya kai Lituwaniya wasan ƙarshe na kofin Turai a birnin Atina, inda Yugoslabiya ta rinjaye su da ci 96 da 90.

Sai da ya gama wannan duka sa'an nan ya amsa kiran Portland, shekara tara bayan ta zaɓe shi, yana ɗan shekara 30, gwiwoyi da idon sawu duk sun sha aiki. Ya yi kaka bakwai a NBA tsakanin 1995 da 2003, ana girmama shi, amma Amurkawa sun san cewa saura suka samu. A tsakanin nan ya ƙara wa Lituwaniya tagulla ta biyu a wasannin Olimpik na Atlanta a 1996.

Ƙarshen tafiyar a gida aka yi shi. A 2003 ya dawo Zalgiris, yana dab da cika shekara 39, ya buga kaka guda a gasar zakarun Turai, aka zaɓe shi gwarzon zagayen farko da na biyu. A wasan da zai kai su zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe, a birnin Tel Aviv, Zalgiris tana gaban Maccabi da maki uku, saura kamar daƙiƙa biyu a tashi, sai Derrick Sharp ya jefa ƙwallo mai maki uku daga nesa ta faɗa kwando. Aka shiga ƙarin lokaci, Maccabi ta yi nasara, daga baya ma ta ɗauki kofin. Ta haka Sabonis ya bar fili bai taɓa ɗaga kofin zakarun Turai da rigar garinsu ba, ko da yake Zalgiris ta ci shi a 1999 lokacin yana Amurka.

Sau shida aka ba shi kyautar Euroscar ta gwarzon ɗan wasan Turai, aka sa sunansa a zauren girmamawa na hukumar FIBA a 2010 da na Amurka a 2011, kuma a 2011 ɗin aka zaɓe shi shugaban hukumar ƙwallon kwando ta Lituwaniya, muƙamin da ya riƙe kimanin shekara goma. Makarantar wasa da ya kafa a Kaunas a 1994 ta yaye yara masu yawa, ɗansa Domantas kuma, wanda aka haifa a Portland a 1996, ya yi suna a NBA yana kuma buga wa Lituwaniya.

Saboda haka tambayar masu hira tana da wata fuskar da ba a cika dubawa ba. Da Sabonis ya tafi Amurka a 1986, wataƙila da ƙafafunsa sun fi daɗewa, da kuma aljihunsa ya fi nauyi. Amma daular da ta tsare shi domin ta yi ado da shi, ta kuma gajiyar da jikinsa kafin ya kai shekara 25, ba ta lura ba cewa kowane dare da ya fito fili a Kaunas mutanen ƙasar suna ƙara tuna ko su wane ne. Daular ta rushe a 1991. Ƙasar mai mutum ƙasa da miliyan uku tana nan, kuma tsohon zauren 1939 yana tsaye a Kaunas har yau.