Waƙar Yara a Kudancin Sakkwato: Daga Dandali Zuwa Aji

Waƙar yara a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar a sauran ƙasar Hausa, iri biyu ce. Akwai wadda iyaye mata da yaran kansu suka ƙaga da baki, akwai kuma wadda malamai suka rubuta don karatu ya zauna a kan yaro. Ta farko ta girmi ta biyu nesa ba kusa ba, amma ta biyun ce ta samu takarda da sunayen masu ita, shi ya sa tarihi ya fi saninta.

Ta bakin tana somawa tun yaro yana goye. Uwa ko 'yar reno tana jijjiga shi tana lallashinsa da waƙa, tana yi masa kirari da kakanninsa. Da yarinya ta tasa, sai dandali. A daren farin wata 'yan mata kan tsaya kafaɗa da kafaɗa suna tafi, ɗaya ta fito gaba ta ba da waƙa, saura su amsa. Sai ta juya musu baya, ta saki jiki ta faɗo hannunsu, su cafe ta su cilla sama, ta dira daidai kan amshi. Wannan ita ce gaɗa. Wadda ta kuskure lokacin faɗowa ta ɓata tafi, kuma ƙawayenta ba sa raga mata. A nan yarinya ke koyon kari da kaifin baki, domin mai ba da waƙa takan ƙara baiti nan take, ta yabi yayanta ko ta yi wa wata habaici. Idan azumi ya kwana goma kuma, yara su bi gida-gida da tashe, wannan ya yi shigar tsoho, wancan ta malami, suna kwaikwayo da waƙa ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Dukansu da Sakkwatanci tsantsa ake yin su, kuma babu wanda zai ce ga wadda ta fara.

Rubutacciya kuwa, asalinta a wannan yanki yana komawa gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Mutanen gidan sun gane cewa abin da aka rera ya fi abin da aka karanta a zube zama a ka. Malam Abdullahi na Gwandu, garin da ba shi da nisa da Tambuwal, ya tsara nahawu da sarfun Larabci a waƙe don ɗalibai su haddace. Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Tambuwal, shi ma ya yi suna wajen waƙar Larabci. Sai dai waɗannan na ɗaliban da suka yi nisa ne.

Wadda ta sauko da abin har ya isa tsakar gida ita ce Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi waƙa da Fulatanci da Larabci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai natsuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malafa. Jaji ta tattaro tsofaffin mata da 'yan matan da ba su kai aure ba daga ƙauyuka, su tako a ƙasa har wurinta, su haddace waƙoƙi, su koma su koyar da matan da ke cikin kulle. Cikin waƙoƙin akwai wata mai baiti 30 da ta tattara sunayen surorin Alƙur'ani 114. Duk wanda ya taɓa koyar da yara ya san darajar wannan dabara: yarinyar da ba ta iya ko baƙi ɗaya ba tana riƙe da sunayen surori kaf a kanta. Abin da uwa ke rerawa tana daka ko kaɗi kuwa, ɗan da ke gefenta ba ya buƙatar a ce masa ya koya.

Shekara 84 bayan rasuwarta, wani malamin boko daga kudancin Sakkwato ya ɗauki dabarar ya kai ta aji. An haifi Shehu Shagari a 1925 a garin Shagari, kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, sannan ya dawo Midil ɗin yana koyarwa. A 1948 ya tsara Waƙar Najeriya, doguwar waƙa da ke zagayawa da mai sauraro cikin ƙasar, tana ambaton garuruwanta da mutanenta da arzikinta. Matsalar da ya nufa a fili take. Yaron da ko Jega bai taɓa wucewa ba, ta yaya zai riƙe sunayen garuruwan kurmi da na bakin teku daga littafin Turanci? Da aka zuba su cikin kari da amsa-amon Hausa, sai labarin ƙasa ya zama abin rerawa a hanyar komawa gida. Kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙar a 1973, shekara 6 kafin mai ita ya zama shugaban ƙasa. Mulkin ya rufe malantar a idon mutane da yawa, alhali wannan waƙa tana cikin ayyukansa da suka fi jure zamani.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA a Zariya ta buga waƙoƙin marubuta irin su Mu'azu Haɗeja, wanda shi ma malamin makaranta ne. Daga baya na Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, suka shiga manhaja. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni, Umaru Dembo kuma ya fitar da Wasannin Yara, abin dandali ya fara hawa takarda. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, manufar ilimi ta 1977 kuma ta ce a fara koya musu da harshen uwa.

A nan giɓin ya fito. Yawancin waƙoƙin da ake ba ɗan makaranta ba don shi aka rubuta su ba. Wa'azi ne ko gargaɗi ga manya, cike da kalmomin Larabci da zurfin ma'ana, aka yanko baitoci aka ce ya haddace. Ɗan shekara 7 yana son waƙar da zai tafa, mai akuya da rafi da ranar kasuwa, kuma marubutan Hausa da suka zauna takanas don su yi masa irinta kaɗan ne ƙwarai.

Yau inda waƙar yara ta fi rai a Tambuwal da Dogondaji da Kebbe shi ne makarantun Islamiyya. Malamai kan tsara baitoci kan tarbiyya da ladubba, yara su rera a layin safe ko ranar walimar sauka, amma da wuya a ga an buga su. Gaɗa kuwa tana ja da baya. Waya da fina-finai sun janye 'yan mata, matsalar 'yan bindiga da ta taɓa ƙauyukan yankin kuma ta sa iyaye ba sa sakin yara da dare. Ɗaliban Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari kan shiga ƙauyuka su naɗo irin waɗannan waƙoƙi daga bakin tsofaffi don kundin kammala karatu. Mafi yawansu a ɗakin karatu suke tsayawa, ba su kai ga hannun malamin aji ɗaya da aji biyu ba, wanda shi ne ke tsaye gaban yaran kullum da safe.