Tarihin Magnesiyam da Daskarewar Jini

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna birane sun saba ganin kwalaben magnesiyam a shagunan magani, ana tallarsa a kan cewa yana tsinka jini. Maganar tana da asali, kuma ya dace mu san shi.

A shekarar 1695 wani likitan Ingila, Nehemiah Grew, ya bayyana wani gishiri mai ɗaci da ya fitar daga ruwan rijiyar garin Epsom. A 1808 Humphry Davy ya ware sinadarin da ke cikin irin wannan gishiri, wato magnesiyam. A 1882 kuma Giulio Bizzozero na Italiya ya nuna aikin wasu 'yan ƙananan ƙwayoyin jini, filatilet, waɗanda ke taruwa a bakin rauni su manne da juna har jini ya tsaya.

Bayan Gustav Born ya ƙirƙiro hanyar auna wannan mannewa a 1962, bincike ya ƙara fito da sirrin. Sinadarin kalsiyam ne ke kai saƙo cikin filatilet cewa lokacin mannewa ya yi. Magnesiyam kuwa kishiyarsa ne: idan ya yi yawa sai ya rage ƙarfin saƙon, mannewar ta yi sanyi. Daga nan likitoci suka sa rai zai hana gudan jini toshe jijiyar zuciya.

Gwajin LIMIT-2 na 1992, a kan majinyata 2,316 a Ingila, ya ƙarfafa wannan fata. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A 1995 gwajin ISIS-4, mai majinyata 58,050, ya nuna allurar magnesiyam ba ta rage mutuwa ba ga waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe. Abin da aka gani a kwalbar gwaji bai tabbata a gadon asibiti ba.

Inda ya yi suna shi ne ɗakin haihuwa. A 2002 gwajin Magpie, a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage aukuwar jijjigar masu juna biyu da fiye da rabi. A 2008 aka shigar da shi manyan asibitoci goma na Jihar Kano, mace-macen masu jijjiga suka ragu ƙwarai.

Saboda haka, duk wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko wani maganin tsinka jini, kada ya ajiye shi ya koma kan magnesiyam. Mai ciwon ƙoda ma ya kiyaye, domin ƙoda ce ke fitar da rararsa. Mai lafiya kuwa, wake da gyaɗa da riɗi da gero da alayyahu da muka taso a kansu suna ɗauke da shi. Idan kuma za mu tallafa wa asibitin gida, mu fara da tambayar ko akwai allurar a ɗakin haihuwa.