Daga hauyar tsaye zuwa tarakta: kayan noma da taurin ƙasa a kudancin Nijar

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu bi tarihin taurin ƙasar noma a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, tare da dogara ga kalmomin manoma. Abin da muke son nunawa shi ne, Bahaushe ya rarraba ƙasa bisa taurinta tun kafin zuwan garmar shanu, kowane iri da kayan aikinsa, kuma matsala ta taso ne sa'ad da aka ɗauki kayan aiki guda aka shigar da shi kowace gona.

2. Sunayen ƙasa da kayan aikinta

Manomin yankin Maraɗi ya san jigawa, wato ƙasar rairayi mai taushi inda hatsi ke yi. Ya san geza, wadda ta fi ta ƙarfi, take kuma yin ɓawo bayan ruwa. Ya san fadama mai laka. Akwai kuma fako, watau fili mai tauri wanda ruwa ke bi ta kansa ya wuce.

Henri Raulin a 1967 da Claude Raynaut a 1984 sun bayyana kayan aikin da ke tafiya da wannan rabo. A jigawar arewa ana noman tsaye: hauya mai doguwar ƙota wadda ake turawa gaba, bakinta yana shiga ƴan santimita kaɗan, ya yanke haki, ya fasa ɓawo, ba tare da ya juya ƙasa ba. A kudu kuwa, inda ƙasa ta fi nauyi, ana noman duƙe, ana kuma tada kunya da garma. Ya kamata mu lura cewa a bakin manomi "noma" cire haki ne, shi ya sa ake cewa noman farko da maimai. Juya ƙasa kuwa huɗa ce ko kaftu.

3. Zamanin garmar shanu

A 1962 aka kafa UNCC don bashi da ƙungiyoyin manoma, da SONARA don sayen gujiya. A shekarun 1970, manyan ayyukan raya karkara, kamar na Maraɗi da na 3M (Mirya, Magarya, Matamai), sun horar da samarin manoma a cibiyoyi, suka sallame su da shanun noma da garma da amalanke bisa bashi. Ma'aikatu irin su ACREMA a Tawa da UCOMA a Damagaram suna ƙera kayan.

Sabon ƙarfen bai samu sabon suna ba: an ce masa garmar shanu. Wannan faɗaɗar ma'ana ta ɓoye wani bambanci. Garmar hannu tana tara ƙasa a kunya, zurfinta yana sauyawa da hannun mai aiki. Garmar shanu kuwa tana bin zurfi kusan ɗaya, santimita 10 zuwa 15, shekara da shekaru. In ƙasar tana da laka kuma an huɗe ta da danshi mai yawa, gindin garmar yakan daddale abin da ke ƙarƙashinsa, har a samu wani shimfiɗi mai tauri wanda saiwa ke karkacewa a kansa, ruwa kuma ya kasa nutsewa.

Sakamakon bai zama ɗaya ba. A geza, garma ta buɗe filayen da hauyar tsaye ba ta iyawa, amma in babu taki da kara, ruwan sama yakan sake liƙe fuskar ƙasar. A jigawa haɗarin ba tauri ba ne sosai: ƙasar da aka juya takan rasa abin da ke riƙe ta, iska ta kwashe. Farin 1973-1974, da cutar da ta kashe gujiya a 1975, da farin 1984 sun karya tsarin bashin. A gidaje da yawa amalanke ta fi garma daɗewa.

4. Tarakta da fako

Tarakta ta ƙara nauyi a kan matsalar zurfi. Tayarta tana matse ƴan ƙofofin da iska da ruwa ke bi, musamman a jiƙaƙƙiyar fadama, kuma wurin huɗa taya ɗaya takan bi cikin kwarin da garma ta buɗe, ta danne ƙasar da baki ba zai kai gare ta ba.

Sai dai ita ce kuma aka nema don fasa tauri. Daga 1984, aikin raya karkara na Keita ya sa manyan injuna suka tsaga fako da dogayen haƙoran ƙarfe kafin a yi shuka. A yankin Illela kuwa, bayan ziyarar da wasu manoma suka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989, tassa ta bazu: ramuka ne da ake gina da hannu a fako, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya.

5. Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna mana cewa ƙarfe shi kaɗai ba ya taurara ƙasa, ba ya kuma gyara ta. Abin dubawa shi ne wace ƙasa, da wane danshi, da wane zurfi. Saboda haka muna ba da shawara ga ɗalibai masu bincike a karkara su riƙa rubuta sunan da manomi ya ba ƙasarsa kafin su auna ta, su kuma bambanta noma da huɗa da kaftu a cikin tambayoyinsu.