Maimaita tiyatar jijiyar ulna a gwiwar hannu

Maimaita tiyatar jijiyar ulna a gwiwar hannu aiki ne da likitocin fiɗa ke yi wa wanda aka taɓa yi wa tiyata don sassauta matsewar wannan jijiya, amma ciwon bai tafi ba, ko kuma ya tafi ya dawo. Ya fi aikin farko wuya, kuma yawanci sakamakonsa ba ya kai na farko. Saboda haka abin da likita ke fara nema shi ne dalilin da ya hana aikin farko yin nasara.

Jijiyar da yadda take matsewa

A Hausa kalmar jijiya tana nufin hanyar jini, da igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, da kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Jijiyar ulna irin ta ƙarshen ce. Tana tasowa daga ƙasan wuya, ta bi dantse, ta ratsa bayan ƙashin da ya ɗan turo a gefen ciki na gwiwar hannu, sannan ta sauka tafin hannu. Ita ce ke sa mutum ya ji kamar wutar lantarki ta ja shi idan ya bugi gwiwar hannunsa. Ita ke kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi, ita ce kuma ke motsa yawancin ƙananan tsokokin tafin hannu.

A bayan wannan ƙashi jijiyar tana bi ta wata ƙuntatacciyar hanya da ake kira kubital, wadda ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka lanƙwasa hannu. Idan matsewar ta daɗe, yatsun biyu sukan sage, riƙo ya yi rauni, tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta rame, daga baya yatsun su lanƙwashe. Likitoci biyu, Feindel da Stratford, su suka raɗa wa ciwon sunan wannan hanya a 1958. A cikin matsewar jijiyoyin hannu, shi ne na biyu a yawa bayan wadda ke faruwa a wuyan hannu.

Dalilan da ke sa aikin farko ya gaza

Likitoci sun raba matsalar gida biyu. Idan mara lafiya bai ji sauƙi ba tun bayan tiyata, ana zargin an bar wani wurin matsewa ba a saki ba, ko kuma tun asali ba a gwiwar hannu matsalar take ba. Matsewar jijiya a wuya ko a wuyan hannu, da ciwon suga, da kuturta, duk suna iya kawo alamomi irin waɗannan. Idan kuwa ya sami sauƙi na wasu watanni sannan ciwon ya dawo, galibi tabo ne ya ɗaure jijiyar, ko tana zamewa a kan ƙashi yayin motsi, ko ta karkace a sabon wurin da aka mayar da ita. Wani lokaci ƙaramar jijiyar fata ce aka yanka a aikin farko ta yi kulli mai zafi. Ana bambance waɗannan ta hanyar duba hannu, da gwajin saurin saƙon jijiya, da hoto.

Yadda ake yin aikin

Likita yakan faɗaɗa tsohon yanka, ya nemo jijiyar daga inda take lafiya, ya bi ta a hankali yana raba ta da tabo. Sau da yawa akan mayar da ita gaban gwiwar hannu a kwantar da ita ƙarƙashin tsoka, dabarar da Learmonth ya bayyana a 1942. Wasu sukan rage ƙashin da take gogawa, ko su naɗe ta da kitse ko jijiyar jini don hana sabon tabo. Zafi yakan ragu da wuri, amma ji da ƙarfi sukan ɗauki watanni, domin jijiya tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana. Tsokar da ta daɗe da ramewa ba lallai ta dawo ba.

A Kano

Ayyukan da ke buƙatar yawan lanƙwasa hannu, ko jingina gwiwar hannu a kan abu mai tauri, ko riƙe injin da ke girgiza, suna cikin abubuwan da ke tsananta ciwon. Irin waɗannan ayyuka ana samun su a masana'antun jima na Challawa da na roba a Sharaɗa da Bompai. Ma'aikacin da ya koma irin aikin da ya bari kafin hannu ya warke yana iya sake matse jijiyar, ga shi kuwa da hannun yake neman abinci. Manyan asibitocin da ke kula da ciwon ƙashi da jijiya a birnin sun haɗa da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi kuɗin magani da diyya ga ma'aikacin da aka tabbatar cewa aikinsa ne ya jawo masa rauni ko ciwo.