Kututturen Da Bai Mutu Ba

 Yau za mu ba ka labarin itatuwan ƙasar Maraɗi, yadda suka ƙare, da yadda suka komo. Labarin gona ne da na yunwa, amma akwai magana a cikinsa domin kowane mutum wanda wahala ta sare shi.

Kakanninmu sun san yunwa. A shekara ta 1914 aka yi wadda ake ce da ita Ƙaƙalaba, mutane da yawa suka mutu a ƙasar Hausa. Amma a zamanin nan daji yana kusa da gari. Sa'anda rumbu ya ƙare, mata sukan fita su samo ganyen kuka da magarya da aduwa, a riƙe rai da su har damina ta sauka. In gona ta gaji, sai a bar ta saura shekaru kaɗan, itace ya tsiro, ƙasa ta huta.

Daga baya zamani ya sake. A shekara ta 1935 Faransai suka kafa dokar gandun daji. Waɗansu itatuwa, kamar gawo, suka shiga hannun gwamnati, ko da a cikin gonarka suke. In ka sare reshe ba da izini ba, sai tara. Bayan samun mulkin kai a 1960 dokar ba ta sake sosai ba. To, wane ne za ya yi renon abin da ba nasa ba, abin da kuma za ya jawo masa tara? Sai manomi ya riƙa tumɓuke itace tun yana ƙarami. Ga noman gyaɗa ya yi yawa, ga mutane sun ƙaru, ba wurin barin saura. Aka soma cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, babu ko sabara ɗaya.

Sa'an nan fari ya zo, daga 1968 har 1974. Shanu suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe. Iska kuwa ba ta sami abin da za ya tare ta ba. Mutum yakan shuka hatsi, rairayi ya binne shi, ya sake shuka har sau uku ko huɗu. Mata suna tafiya mai nisa neman makamashi, in ba su samu ba su hura wuta da kara da kashin shanu, watau takin da ya kamata ya koma gona.

Gwamnati da ƙungiyoyi suka kashe kuɗi da yawa wajen dashen itatuwa, amma mafi yawansu suka mutu, gama rana ta ƙone su, awaki kuma sun cinye. Cikin masu wannan aiki akwai wani ɗan mishan na SIM, mutumin Ostireliya, sunansa Toni Rinaudo. Shi kansa ya ba da shaida cewa ya kusa fid da zuciya. Wata rana a 1983 yana kan hanya da mota cike da dashe, ya tsaya domin ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya yi addu'a, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda kowa yake ɗauka ciyawar banza ce. Da ya duba ganyen, ashe itace ne wanda aka sare tun dā, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara yana toho, kowace shekara kuma a sare shi wajen sassabe. Irinsa kuwa suna nan ba iyaka cikin gonaki.

Dabarar ba wuya. Ka zaɓi kututture, ka bar masa rassa kaɗan masu ƙarfi, ka yanke sauran, ka tsare shi daga awaki da gatari. Da shi ke saiwar ta riga ta yi zurfi, yakan yi girma da sauri fiye da dashe. Wannan ne ake ce da shi sassaben zamani.

Kada ka yi tsammani mutane sun karɓa nan da nan. Manoma kaɗan da suka fara, dariya aka yi musu, aka kuma sace musu itacen da dare. A 1984 yunwa ta komo, wadda aka sa wa suna El Buhari, domin a shekaran nan Nijeriya ta rufe iyakarta. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka kusan 100, bisa sharaɗi cewa kowa ya bar itatuwa cikin gonarsa. Aka bar wajen 500,000. Amma sa'anda aka sami amfanin gona, rabon abinci ya ƙare, sai aka sare kashi biyu cikin uku.

Waɗanda suka jimre, su ne suka ga amfani. Iska ta ragu a gonakinsu, ganye ya zama taki, suka sami makamashi da abincin dabbobi da itacen sayarwa. Maƙwabci ya gani, ya kwaikwaya. A ƙasar Damagaram kuma manoma suka yi ta renon gawo da kansu, itacen nan mai zubad da ganye da damina, wanda ba ya hana hatsi rana. Bayan shekara ashirin da ɗoriya masu bincike suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka iske itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Talakawa ne suka yi wannan aiki, Musulmi da Kirista, da adda da gatari. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitad da doka wadda ta ba manomi iko bisa itacen da ya rena a gonarsa.

Yanzu fa, ɗan'uwa, ka ji abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana. Ayuba cikin tsananin ciwonsa ya lura itacen da aka sare yakan sake toho in ya ji ruwa (Ayuba 14). Annabi Ishaya ya kwatanta gidan Dawuda da kututture, ya kuwa yi albishir cewa daga nan Mai Ceto za ya fito (Ishaya 11). Aka sare Yesu bisa giciye, aka sa shi cikin kabari, almajiransa suka ce zance ya ƙare. A rana ta uku ya tashi.

Watakila kai ma an sare ka. Hatsinka ya ƙone, ko ɗanka ya tafi cin rani shiru babu labari, ko ciwo ya kwantad da kai, ko danginka sun juya maka baya domin bangaskiyarka. Kana duban zamanka kana cewa babu abin da ya saura. Sake dubawa. Manoman Maraɗi sun yi shekaru suna jiran dashe daga nesa, alhali kuwa abin da Allah ya ajiye musu yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Addu'ar da uwarka ta koya maka tana nan. Maƙwabcin da kuka daina gaisawa yana nan. Hannunka biyu suna nan. Ka fara da waɗannan.

Ka tuna kuma da masu sarewa sa'anda abinci ya ƙare. Yesu ya tsauta wa taron da suka bi shi domin gurasa kaɗai (Yohanna 6). Idan kana zuwa sujada lokacin yunwa, ka bari lokacin ƙoshi, ka sare itacenka tun bai yi inuwa ba. In kuwa Allah ya yanke maka waɗansu rassa, da zafi, amma mai gona ba ya ɓata lokaci wajen gyaran itacen da ya mutu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe idanunmu mu ga abin da ka rage mana. Ka ba mu haƙuri mu rene shi har ya yi 'ya'ya. Domin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.